Daga Murfin Tukunya Har Zuwa Teku

Ina gaishe ku duk inda kuke, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Malali zuwa Tudun Wada, da mutanen Badarawa da Unguwar Dosa da Hayin Banki. Ina gaida iyayenmu mata da ke bakin murhu a wannan lokaci. Ina gaida direban da ke riƙe da sitiyari, da mai shagon da ya jingine rediyonsa a kan kanta. Gaisuwa ta musamman ga malaman firamare, domin maganar yau tasu ce, kuma tamu ce mu iyaye.

Maganar ita ce yadda muke koya wa yara ƙanana ilimin yanayi, da zagayen ruwa, da teku. Abu guda nake son faɗa, kuma za ku ji ina ta maimaita shi. Darasin nan a fara shi daga ƙofar gida. Yaro ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, ya faɗa da harshen da yake ji. Daga nan sai a kama hannunsa a kai shi teku.

Bari in faɗa muku abin da ya jawo wannan magana.

Kwanakin baya 'yata ta dawo daga makaranta. Tana aji huɗu. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Mamana nake ce mata. Ta zauna a kan tabarma tana bitar darasi. Kalmomin Turanci ne, dogaye, huɗu ko biyar, ta haddace su tsaf. Ta kuma kwafo zanen da aka yi musu a allo: ga rana a kusurwa, ga gajimare, ga wani tsauni da ƙanƙara a kansa, ga kibau suna zagayawa. Zanen ya yi kyau ƙwarai.

A daidai lokacin mahaifiyarta ta ɗaga murfin tukunyar ruwan tuwo. Ruwa ya ɗiɗɗigo daga cikin murfin zuwa ƙasa. Na ce, "Mamana, zo ki gani. Wa ya zuba ruwa a cikin murfin nan?" Ta leƙa, ta ce, "Baba, zufa ya yi." Na ce, "To, abin da kike haddacewa fa, bai shafi wannan ba?" Ta girgiza kai, ta ce, "A'a Baba, wancan na makaranta ne."

Wancan na makaranta ne. Maganar nan ta tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri. Yarinya ba ta yi laifi ba. Malamarta ma ba ta yi laifi ba, abin da ke cikin littafi ta koyar. Amma ga ilimi a kanta, ga abin da ilimin yake nufi a gabanta, an rasa wanda zai haɗa mata su. Na kuma tabbata ba a gidana kaɗai hakan ke faruwa ba.

To, mu tsaya a kan murfin nan tukuna, domin darasin gaba ɗaya yana cikinsa. Wuta ta ɗumama ruwa. Ruwa ya zama tururi, ya tashi. Tururi ya bugi murfi wanda bai kai shi zafi ba, ya koma ɗigo. Ɗigo ya yi nauyi, ya faɗo. Abin da ke faruwa a tukunya shi ne yake faruwa a sararin samaniya. Rana ce wutar. Teku da koguna da tafkuna su ne tukunyar. Sanyin da ke can sama shi ne murfin. Gajimare kuwa ƙananan ɗigo ne masu ɗimbin yawa da suka taru wuri ɗaya. In sun haɗu sun yi nauyi, sai su zubo, mu ce an yi ruwa.

Kuma ba sai ruwa ya tafasa yake tashi ba. A nan yara kan rikice. To, a nuna musu shanya. An wanke riga da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau. Ina ruwan ya tafi? A nuna musu randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Domin randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, ruwan yana bin iska, yana tafiya da zafin. A ciro ledar ruwa daga firji a ajiye a gabansu, su ga bayanta ya jiƙe alhali ba ta huje ba. Laimar da ke cikin iska ce ta gamu da sanyi. Haka raɓa take kwanciya a kan ciyawa da asuba. Duk wannan ba ya cin ko kwabo. Yana cikin kowane gida a garin nan.

Yanzu mu fita daga gida, mu gangara bakin kogi.

Jama'a, mu mutanen Kaduna Allah Ya ba mu abin koyarwa da ba kowane gari ke da shi ba. Kogi ne ya ratsa garinmu, har sunan garin ma nasa ne, kuma an fi danganta sunan da kadduna, wato jam'in kada. Kullum muna tsallaka shi. Amma yara nawa ne a firamarenmu za su iya faɗa maka daga ina ya taso, ina kuma ya nufa?

Na taɓa kai yarana lambun Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Watan Agusta ne. Kogi ya cika ya batse, ruwan ya yi jawur, yana tafe da rassan itace da robobi. Ƙaramin cikinsu ya riƙe mini gefen riga, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Baba, duk ruwan nan ina za shi? Ba ya ƙarewa ne?" Wallahi tambayar nan ta fi duk tambayoyin da ke bayan littafinsu. Ga amsar da ya kamata kowane yaron Kaduna ya sani kamar yadda ya san hanyar gidansu.

Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato ya taso, can wajen Jos. Ya gangaro yana tattara ƙananan rafuka. Kogin Galma da ya biyo ta Zariya ya zubo masa nasa. Ya iso mana, a Malali aka ɗebi wani aka tace aka turo a famfo. Sauran ya wuce ta ƙarƙashin gadojinmu, ya nufi Jihar Neja. A Shiroro aka datse shi, tun shekarar 1990 yake juya injinan wutar lantarki. Ya bi ta Zungeru, inda Turawa suka zauna kafin su dawo da hedikwatar Arewa nan Kaduna, can ma an yi masa wata madatsar. A ƙasar Nufe, daura da Fategi, ya faɗa cikin Kogin Neja, wanda iyayenmu ke kira Kwara. Kogin Kwara ya gamu da Binuwai a Lakwaja. Daga nan sai kudu, ya rarrabu rassa-rassa, ya zube cikin Tekun Atlantika.

Kun ji fa. Ruwan da ya zubo daga indararon gidanku, ya bi kwata, ya faɗa rafi, hanyar teku ya kama. Haka ma ledar da yaro ya jefa a kwata. In ba ta toshe magudanar unguwa ta jawo mana ambaliya ba, to tafiya za ta yi, wataƙila har cikin kifi. Yaron da ya san hanyar kogin garinsu, ba sai an yi ta daka masa tsawa a kan shara ba. Ya san inda abin zai je.

Sai rabin labarin na biyu, kuma shi ya fi daɗi. Ruwan nan ba tafiya kawai yake yi ba. Dawowa yake yi.

Teku ya rufe kusan kashi bakwai cikin goma na doron duniya, kuma kusan duk ruwan duniya a cikinsa yake. Kullum rana tana dukan Tekun Atlantika. Tururi yana tashi, gishiri yana zama a ƙasa. Idan lokaci ya yi, iska ta taso daga kudu maso yamma, ta ɗauko laimar nan ta shigo da ita cikin ƙasa. Dazuzzukan kudu su sha, su sake fitar da wani ta ganyensu, iska ta ƙara gaba da shi. Shi ya sa damina take riga sauka a Legas da Fatakwal, sannan ta iso Kaduna, sannan Kano da Katsina da Maraɗi. Shi ya sa daminarmu ta fi ta Katsina tsawo. Duk direban tirelar da ke zuwa kudu ya san wannan, domin yakan baro ruwa a can ya tarar da ƙura a nan.

Da hunturu kuma sai iska ta juya. Ta taso daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya, ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, hazo ya hana jirgi sauka. Da yawa daga ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki. Har takan tsallaka Atlantika ta sauka a Kudancin Amurka. Ku duba ikon Allah. Teku yana aiko mana da ruwa, hamada tana aika masa da ƙura. Iska biyu ne suke ture juna shekara da shekaru. In ta teku ta yi rinjaye, damina ke nan. In ta hamada ta yi rinjaye, rani ke nan.

A nan yaro mai kaifin basira zai ɗaga hannu. Zai ce, "Malam, ka ce ruwa daga kudu yake zuwa. To, me ya sa kullum daga gabas hadari yake tasowa?" Malam, don Allah kada ka ce masa ya zauna. Gaskiya ya faɗa, kuma idonsa ne ya nuna masa. Kowa a ƙasar Hausa ya san hadarin gabas, har magina sun san bangon gabas ne ya fi shan duka. Amsar ita ce iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa, mai laima, daga kudu maso yamma take shigowa. Amma can sama akwai wata mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take turo hadarin in ya haɗu. Ɗaya ta kawo kayan, ɗaya ta tuƙa motar. Yaron da ya yi wannan tambaya ya riga ya fara kimiyya, saura a ƙarfafa masa gwiwa.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Kaduna da teku, abin da bai taɓa gani ba, wataƙila ma ba zai gani ba? To, a tambayi dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane sun baro garuruwansu sun shigo birane, har da nan Kaduna. Daga baya masana suka gano cewa sauyin ɗumin ruwan teku yana cikin manyan abubuwan da suka jawo wannan fari. Ruwan da ke can nesa ya canza, gero ya ƙi yi a nan. Saboda haka teku ba baƙonmu ba ne. Yana da hannu a cikin tuwon da muke ci.

Kuma nuna wa yaro teku bai gagara ba. A narka gishiri a ruwa, a zuba a faranti, a ajiye a rana. Gobe ko jibi ruwa ya tafi, gishiri ya zauna fari fat. Nan take yaro ya gane dalilin da ya sa ruwan teku yake da gishiri amma ruwan sama babu. In ana son a ƙara, a zuba ruwan gishirin a roba mai faɗi, a ajiye ƙaramin kofi a tsakiya, a rufe da farar leda, a ɗora tsakuwa a kai daidai saitin kofin. A bar shi a rana. Da yamma a ba yaro ya ɗanɗana abin da ya ɗiga a kofin. Zai ji babu gishiri. Ya yi ruwan sama da hannunsa ke nan. A kai shi wajen masu kifin ƙanƙara a kasuwar Kawo, a ce masa wannan daga teku ya zo. A kira kakarsa da ta tashi daga sansanin alhazai na Mando, ta ba shi labarin yadda ta hango Bahar Maliya ta tagar jirgi. A nuna masa igiyar ruwa a waya. Duk hanyoyi ne.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Wannan darasi ba na cin jarrabawa ba ne kawai. Darasi ne na tsira da rai.

Mazauna bakin kogi ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2003 ba. Daga baya ma an sha yi. Mutanen Kigo Road da Kabala da Rafin Guza sun san yadda ake kwana ido biyu in marka ta kankama. Akwai abu ɗaya da nake so kowane yaro a unguwannin nan ya sani. Kogi yana iya cika ko ba a yi ɗigo ɗaya a Kaduna ba. In an tafka ruwa a Filato, gobe ko jibi sai ya iso mana, rana na haskawa tar. Yaron da ya san daga inda kogi ya taso ba zai ce ai yau ba a yi ruwa ba, bari in shiga wanka. Kowace damina muna jin labarin yaran da ruwa ya ci, a kogi, a kududdufi, a babbar kwata. Iyaye, wannan ciwo ne da ba ya warkewa.

Haka maganar tsawa. A koya wa yaro kada ya fake a gindin bishiya in hadari ya taso, kada ya tsaya a tsakiyar fili yana ƙwallo. A koya masa ƙirga. In ya ga walƙiya, ya fara ƙirga daƙiƙa har ya ji ƙarar. Kowace daƙiƙa uku, kusan kilomita ɗaya ke nan tsakaninsa da ita, domin haske ya fi sauti gudu. In ƙirgar tana raguwa, hadari yana matsowa, sai a shiga ɗaki. Yara suna son wannan wasa ƙwarai, kuma wasa ne mai ceton rai.

To, na san akwai masu ja, kuma ban raina hujjarsu ba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai dattijon da ya ce mini, "Malam, Allah ne ke saukar da ruwa. Me ya kawo maganar tururi?" Na ce masa, "Baba, gaskiyarka. Allah ne ke saukar da shi, babu mai ja. Amma Allah ne ke ba da haihuwa, kuma muna tura 'ya'yanmu su koyi aikin ungozoma. Allah ne ke ba da amfanin gona, kuma muna koyon lokacin shuka." Sanin hanyar da ruwa yake bi ba ya rage imani. Ni dai a wajena ƙara shi yake yi. Wanda ya san nisan da ɗigo ɗaya ya yi daga Atlantika kafin ya sauka a kan kwanon ɗakinsa, in ya fita sallar roƙon ruwa ya san girman abin da yake roƙo.

Kuma kada makaranta ta raina ilimin gida. Kakanninmu masu lura ne. Sun san in shamuwa ta iso, damina ta kusa. Sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Sun raba shekara: bazara, damina, kaka, hunturu. Wannan duk lura ce ta shekaru aru-aru. A aiki yara su tambayi kakanninsu alamun ruwa, su kawo aji. Wanda ya tabbata a riƙe shi. Wanda ke buƙatar gwaji a gwada. An ce bakan gizo yana shanye hadari. To, a sa yara su fesa ruwa da baki, su juya wa rana baya da hantsi ko da la'asar, su ga bakan gizo ya fito a gabansu. Sai su gane hasken rana ne ya ratsa ɗigon ruwa. Ba a zagi kaka ba, kuma yaro ya ƙaru.

Masu ja na biyu su ne malamai da kansu. Za su ce aji ya cika maƙil, babu kayan aiki, ga manhaja tana jiran a gama ta. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya leƙa azuzuwanmu ya san haka. Amma bari in ba ku labarin wata malama da na gani a wata makaranta ta wajen Kawo. Robar ruwa ta samu, mai miƙaƙƙen jiki. Ta yanke kanta, ta kifa shi ciki kamar mazurari. Ta zuba tsakuwa a gindi don kada iska ta kayar, ta cika ruwa daidai kan tsakuwar, ta ɗaura rula a jiki da kyauro. Ta ajiye a fili, nesa da indararo da bishiya. Ma'aunin ruwan sama ya samu ke nan. Kowace safiya yara biyu ne ke da aikin dubawa, su rubuta a bayan tsohuwar kalanda da aka manna a bango. Ranar da na je an kwana ana ruwa. Na tarar da yara sun yi cincirindo a kan robar tun kafin a kaɗa ƙararrawa, wata 'yar ƙarama ta durƙusa har gwiwarta cikin taɓo, tana daidaita idonta da rula. Ta miƙe da gudu tana cewa, "Malama, na yau ya fi na ranar Talata!" A robar nan guda sun koyi awo, sun koyi lissafi, sun koyi rubuta abin da suka gani ba abin da aka faɗa musu ba. Gani ya kori ji.

Sai maganar harshe. Garinmu garin kowa da kowa ne, a aji ɗaya za ka sami harsuna da yawa. Ban ce a bar Turanci ba, yaranmu suna buƙatarsa, da shi za su rubuta jarrabawa. Abin da nake cewa shi ne fahimta ta riga kalma. A bar yaro ya ce tururi, ya ce raɓa, ya ce hadari, ya ce hazo, da Hausa ko da harshen gidansu. In abin ya zauna, sai a ɗora masa sunan Turanci a kai. An gwada wannan a ƙasar nan. A Ile-Ife, daga shekarar 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci, har da kimiyya da lissafi, Turanci kuma a matsayin darasi. Yaran ba su koma baya ba. Da 'yata ta fara jin kalmar tururi a aji, da ba ta ce mini murfi zufa ya yi ba.

Daga nan zan juya ga hukumomi, kuma roƙo zan yi. Kaduna ba ta rasa masana ruwa ba. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan a hanyar Mando. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, hedikwatarta tana nan kan hanyar Zariya. Hukumar NiMet tana auna yanayi kullum, kuma kowace shekara tana fitar da hasashen damina. Ga matatar ruwa a Malali. Me zai hana a riƙa buɗe wa 'yan firamare ƙofa, ko sau ɗaya a zango, su ga ma'auni na gaske, su ga yadda jan ruwan kogi yake komawa garau? Me zai hana hasashen damina ya isa hannun kowane hedimasta, a karanta wa yara a wajen taron safe da harshen da za su kai wa iyayensu? Ranakun ma suna nan. Ranar Ruwa ta Duniya 22 ga Maris ce, washegari Ranar Yanayi, daidai lokacin da bazara ta matsa kowa yana duban gabas. Ranar Teku kuma 8 ga Yuni, damina ta zauna, yara suna makaranta. Maimakon a tara manya a ɗakin taro, a fitar da yara fili.

Wa ya sani? Wataƙila 'yar nan da ta durƙusa cikin taɓo ita ce gobe za ta zauna gaban na'ura, ta gaya wa manoman Igabi da Giwa ranar da ya dace su yi shuka, ta gaya wa mutanen bakin kogi su kwashe kaya tun da sauran lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara daga ƙofar gida: yaro ya gani, ya taɓa, ya faɗa da harshensa.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ga abin da nake roƙonku kafin mu rabu. Iyayena mata, in an ɗora tukunya a daren nan, ku kira yaran su zo su ga murfin, ku tambaye su wa ya zuba ruwan. Kada ku ba su amsa da wuri, ku bar su su yi gardama. Iyaye maza, ku nemi roba da rula, ku kafa a tsakar gida kafin ruwa na gaba, ku ba yaro takarda ya riƙa rubutawa har zuwa watan Oktoba. In kun zo tsallaka gada da su, ku nuna musu ta inda Filato take da ta inda teku yake. Malamai kuma, Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku haƙuri da lada. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana yaranmu daga ruwa da tsawa.